Gidan da na saya da bashin unguwa a kansa

Takardun da aka jera mana a tebur ranar da za mu ƙulla cinikin gida sun kai kaurin ɗan littafi, kuma tun wajen shafi na goma na daina karantawa. Sai dai in nemi inda dillaliya ta manna alamar rawaya in rattaba hannu. Mun shekara da shekaru muna haya a cikin birnin Houston na jihar Texas a Amurka, mun gaji da hawa bene da kayan cefane, ga yara sun fara girma. Gidan da muka samu yana wata sabuwar unguwa ce a arewa maso yammacin ƙaramar hukumar Harris, bayan iyakar birnin. Ni dai burina a ba ni makulli.

Maiɗakina ce ta dafe wata takarda da hannunta kafin alƙalamina ya sauka a kai.

"Malam, tsaya tukuna. Waɗannan miliyoyin da aka rubuta nan na mene ne? Mu ake bi?"

Na duba. Takardar tana cewa gidan yana cikin wata gunduma da ke da ikon ɗora haraji a kan duk wani gida da fili da ke cikinta, kuma masu zaɓe sun amince mata ta ci bashin miliyoyin daloli, ta riga ta ci wani kaso, saura na nan tafe. Dillaliya ta yi murmushi ta ce ai wannan MUD ce kawai, kusan duk sababbin unguwannin da ke kewayen Houston haka suke. "Mad" suke furta shi, kalmar da a Turanci take nufin taɓo, abin da ya ba ni dariya a ranar. Na ce a ba mu kwana biyu. Ba ta ja ba, domin doka ce ta tilasta wa mai sayarwa ya miƙa wa mai saye wannan sanarwa kafin a sa hannu a yarjejeniya, in kuwa bai miƙa ba mai saye na iya fasa cinikin.

Da daddare na kira wani dattijo ɗan garinmu wanda ya zo Houston karatu tun ina firamare, bai koma ba. Na karanta masa takardar daga farko har ƙarshe.

Ya ce, "Kai yaro, wa kake tsammani ya ja ruwa zuwa wannan dajin? Shekara goma da suka wuce shinkafa ake nomawa a wajen, da shanu. Birni bai kai ba, ƙaramar hukuma kuwa ba ta sayar da ruwa. Mai gina unguwar ne ya haƙa rijiya, ya binne bututu, ya gina wurin tace ruwan bayan gida, da kuɗinsa. Yanzu kai da maƙwabtanka za ku mayar masa, kaɗan-kaɗan, shekara ashirin ko talatin."

Na ce, "To Baba, ai na ɗauka yana cikin kuɗin gidan."

"Da yana ciki da ba ka iya sayen gidan ba. An raba maka ne gida biyu, rabi a banki, rabi a haraji."

Wannan magana tasa ita ce ta fi duk abin da na karanta daga baya saurin shiga kaina. Amma na karanta ɗin, saboda ni mutum ne da in abu ya shige mini duhu ba na iya barci.

Cikakken sunan MUD ɗin yana nufin gundumar samar da abubuwan amfanin gari, mu dai a gida gundumar ruwa muke ce mata. Wata 'yar ƙaramar gwamnati ce ta sosai, wadda dokar jihar Texas ta san da ita, tana da iyaka, tana da zaɓaɓɓun shugabanni biyar, tana karɓar haraji. Tushenta ya koma shekarar 1917, lokacin da mutanen Texas, bayan ambaliyar da ta yi musu ɓarna a 1913 da 1914, suka amince da gyaran tsarin mulkin jiha wanda ya ce kiyaye ruwa da sarrafa shi haƙƙi ne na jama'a, kuma ana iya kafa gundumomi na musamman saboda shi. Kafin nan akwai gyaran 1904, amma shi ya taƙaita bashin da gunduma za ta ci, kada ya wuce kashi ɗaya cikin huɗu na darajar filaye da gidajen da ke cikinta. Na 1917 ya ɗage wannan shinge, muddin masu zaɓe sun yarda. Manoma da masu fama da ambaliya aka nufa da farko. Sai Houston ta fara faɗaɗa da gudun da bututun birni ba zai iya bin ta ba, masu gina unguwanni suka ga ga hanya. A 1971 majalisar jiha ta yi babi na 54 na dokar ruwa, wanda ya ba wa waɗannan gundumomi siffar da suke da ita yau. A ƙaramar hukumar Harris kaɗai sun kai ɗaruruwa, shi ya sa yawancinsu ba su da suna sai lamba.

Yadda ake haihuwarsu ne ya fi ba ni mamaki. Mai fili yakan kai buƙata wurin hukumar kula da muhalli ta jiha, TCEQ, ko kuma ya bi ta majalisa a yi masa doka. In filin yana cikin zagayen da birni ke da ta cewa a kai, wanda ga Houston mil biyar ne daga iyakarta, sai an nemi yardar birnin. Daga nan sai a yi zaɓe domin mazauna su tabbatar da gundumar su kuma amince da bashin. To su wane ne mazauna, tunda wajen ciyawa ce da shanu? Sai a ajiye gida mai taya ɗaya ko biyu a filin, a zaunar da mutum biyu ko uku na 'yan watanni, su yi rajistar zaɓe da wannan adireshi, su kaɗa ƙuri'a. Bashin da dubban iyalai za su biya, mutum uku ne suka ce "na'am" a kansa, kuma kafin a aza tubalin farko sun kwashe kayansu. Duk bisa doka. Har yau wannan bai kwanta mini ba, ko da yake na san in ba a yi hakan ba babu wanda zai yi zaɓen, tunda mu da za mu biya ba mu zo ba tukuna.

Abin da ya ɗan sanyaya mini rai shi ne ba a mayar wa mai gini kuɗinsa sai an ga gidaje a ƙasa. Da ruwan ciki ake jan na rijiya: shi zai fara kashewa, sai darajar unguwa ta kai inda harajinta zai iya ɗaukar bashin, sannan gunduma ta sayar da takardun bashi ta biya shi, bayan TCEQ ta duba lissafin, ofishin babban lauyan jiha ma ya duba. Wannan tsauri an koye shi ne da wuya. Da farashin mai ya faɗi a tsakiyar shekarun 1980, Houston ta durƙushe, gini ya tsaya cak a unguwanni da yawa, ga bashi an riga an ci. Mutanen da suka tare a gida hamsin suka wayi gari da nauyin da aka shirya wa gida dubu, haraji ya yi tashin gwauron zabi, wasu gundumomin suka kasa biya. Dattijon nan ya ga zamanin da idonsa, ya ce akwai layukan da za ka bi ka ga fitilun titi da famfunan kashe gobara a jere, babu gida ko ɗaya. Bayan nan ne aka sa ƙa'idar cewa a yankinmu ba za a amince da sabon bashi ba in lissafi ya nuna harajin zai haura dala 1.50 a kan kowace dala 100 ta darajar gida.

A nan ne na zauna da takarda da biro. Texas ba ta karɓar harajin albashi, a kan gida take fanshewa: akwai na makarantu, na ƙaramar hukuma, na asibiti, na hana ambaliya, sannan na gundumar ruwa a kai. In gidanka dala 300,000 ne, gundumarka kuma tana karɓar dala 1 a kan kowace 100, to dala 3,000 ke nan a shekara, 250 a wata, ban da kuɗin ruwan da ka sha. Tsohuwar unguwa da ta kusa gama biyan bashinta tana iya karɓar rabin haka ko ƙasa. Mun je mun ga wani tsohon gida a irin wannan unguwa, harajinsa sauƙi, amma rufinsa da na'urar sanyaya ɗakinsa duk sun tsufa. Muka koma wa sabon. Na sa hannu a takardar, ranar kammala ciniki kuma aka sake kawo ta na sake sawa.

Buɗe layin ruwa bai ɗauki rabin awa ba, sai dai na ɓata wuni guda ina neman ofishin gundumar. Babu shi. Ba ta da gini, ba ta da ma'aikaci ko ɗaya. Komai haya take yi: wani kamfani ne ke kula da rijiya da bututu da karatun mita da aika takardar kuɗi, wani ke tara haraji, akwai lauya, akwai injiniya, akwai mai riƙe littafin kuɗi. Kamfanin da ke kula da ruwan na tura wa takardar shaidar mallakar gida da lasin tuƙi, na biya kuɗin ajiya, washegari aka buɗe mita. Ni da na tashi a unguwar da sai ka tsaya a ƙofar gida kana jiran 'yan garuwa, kuma duk wanda Allah ya hore wa sai ya haƙa burtsatse a tsakar gidansa, na tsaya ina kallon ruwa yana zuba da ƙarfi a bene na biyu kamar ban taɓa gani ba, alhali na shekara da shekaru ina gani a gidan haya. Bambancin shi ne yanzu na san inda yake fitowa: wani shingen waya ne a bayan layinmu, da babban tanki a ƙasa da injinan turo ruwa.

Takardar kuɗin farko ta zo da layi huɗu: ruwa, magudanar bayan gida, kwasar shara, sai wani layi mai sunan hukumar ruwa ta yanki, wanda kuɗinsa ya fi na ruwan da kansa. Na ɗauka kuskure ne. Ashe ruwa ba ya tsami banza. Ƙasar Houston yumɓu ce da yashi, kuma shekara da shekaru birni da masana'antu da ɗaruruwan rijiyoyin gundumomi suna zuƙe ruwan ƙarƙashinta. In aka zuƙe, yumɓun sai ya matse, ƙasa ta lotsa, kuma ba ta sake tasowa. A garin Baytown akwai wata unguwar masu hali da ake kira Brownwood, ta nutse kusan mita uku, teku ta riƙa shigar mata, har guguwar Alicia ta 1983 ta ƙarasa ta, yanzu wurin shaƙatawa ne na kallon tsuntsaye. Tun 1975 jiha ta kafa hukumar hana lotsewar ƙasa ta Harris da Galveston, ita kuma ta umarci yankinmu ya rage dogaro da rijiya mataki-mataki: kashi 30 cikin ɗari na ruwan ya zama na kogi da tafki zuwa 2010, kashi 60 zuwa 2025, kashi 80 zuwa 2035. Ƙaramar gunduma ɗaya ba ta iya jan bututu daga tafkin Houston, saboda haka aka haɗa su ƙarƙashin hukumomin yanki, ta arewacin Harris a 1999, ta yammaci a 2001. Wannan layi na huɗu shi ne rabona na kuɗin manyan bututun, da na mashigin Luce Bayou da ke ɗebo ruwan kogin Trinity yana zuba shi a tafkin. Gundumarmu karɓa kawai take yi ta miƙa.

Tsugune ba ta ƙare ba. Shekarar farko bankin da ya ba mu bashin gida ya lissafa abin da za mu riƙa tarawa domin haraji bisa darajar fili ne, saboda a ranar 1 ga Janairun shekarar, ranar da ake ƙiyasta daraja, ba a gama ginin ba. Shekara ta biyu aka ƙiyasta gida sukutum, asusun ya gaza, biyanmu na wata ya yi tsalle har sai da muka fasa zuwa gida hutun bazara. Babu wanda ya cuce ni, yana rubuce a cikin takardun nan da ban karanta ba. Duk wanda zai sayi sabon gida a nan nakan ce masa ya lissafa harajin da kansa bisa cikakken kuɗin gidan, ya ajiye bambancin a gefe.

Sai sanyin Fabrairun 2021. Wuta ta ɗauke wa miliyoyin gidaje a jihar, ruwa ya daskare a bututu, a Houston sanyi ya kai kusan digiri 11 ƙasa da sifiri. Muna ƙudundune a ɗaki guda da barguna, abin da nake ji daga bayan layi shi ne rurin janareta a tashar ruwanmu. Bayan guguwar Ike ta 2008 ne majalisar jiha ta wajabta wa masu ba da ruwa a Harris su yi tanadin da ruwa zai ci gaba da zuwa ko da wuta ta daɗe a ɗauke. Janaretan ya riƙe, amma bututu sun fashe a gidaje da yawa a lokaci guda, tanki yana zubewa fiye da yadda rijiya ke cika shi, ƙarfin ruwa ya faɗi ƙasa da ma'aunin da doka ta yarda, aka turo saƙo cewa a tafasa ruwa kafin a sha. Kwana huɗu muna tafasawa a kan murhun gas. Na ga ma'aikatan kamfanin suna bi gida-gida cikin ƙanƙara suna rufe mitar gidajen da masu su ba sa nan.

Namu bututun da ya tsage na ban-ruwan ciyawa ne, a ƙarƙashin ƙasa, bayan mita. Ban gane ba sai da takardar wata ta zo da adadin da ya ninka na kullum sau shida. Na kira kamfanin, matar ta ce ita ba ta da ikon rage ko sisi, shugabannin gunduma ne kaɗai ke iya yi, in rubuto takarda in haɗa da rasidin mai gyara, in kuma ina so in je taronsu da kaina, a buɗe yake ga kowa.

Na je. Ana yin sa sau ɗaya a wata, ranar aiki, da tsakar rana, a ofishin lauyan gundumar, a wani dogon bene cikin gari, tafiyar minti arba'in daga unguwar da ake magana a kanta. Na ɗauki hutun rabin wuni, na biya kuɗin ajiye mota. A ɗakin akwai shugabannin nan biyar, da 'yan kwangila da suka fi su yawa, da abincin rana a gefe. Mazaunin unguwa da ya zo don kansa ni kaɗai ne, har sai da lauyar ta tambaye ni ko na ɓata hanya. Uku daga cikin biyar ɗin maƙwabtana ne, ɗaya ma nakan gan shi yana yawo da karensa da safe. Sauran biyun tun zamanin mai gini suke, ba a unguwar suke zaune ba, suna dai da ɗan fili a cikinta, wanda ya isa a doka.

Aka ba ni minti uku na yi bayani, suka duba rasidin, suka yi magana a tsakaninsu, suka amince a lissafa mini rarar a kan farashi mafi ƙanƙanta. Ban samu duk abin da na nema ba, amma an rage fiye da rabi. Da na so in tashi, sai na ga ai na riga na biya kuɗin mota, bari in zauna. Zaman nan shi ne ya canza mini kallon abin. Mai kula da ruwa ya karanta galan nawa aka zuƙo, nawa aka sayar, nawa ya ɓace a hanya. Aka karanta jerin gidajen da za a yanke wa ruwa. Injiniya ya kawo farashin gyaran injin rijiya. Aka tattauna kwangilar ɗan sandan da ke sintiri a unguwa, wanda ban taɓa sanin daga harajin nan ake biyansa ba, haka ma tafkunan da nake ɗauka ado ne, ashe an haƙa su ne su tare ruwan sama kada ya shiga gidaje. Cikin awa ɗaya da rabi mutum biyar suka kashe kuɗin da ya fi albashina na shekara, kuma gaskiya da tsantseni suka kashe shi, sun yi gardama a kan abin da bai kai dala dubu ba. Sai dai da sun ga dama su yi akasin haka, babu idon da ke kansu.

Bayan taro na tambayi mai karen yaushe ake zaɓensu. Ya ce wa'adin shekara huɗu ne, ana yi a watan Mayu na shekarar da lambarta ke rabuwa biyu, amma shi ba a taɓa kaɗa masa ƙuri'a ba. In 'yan takara ba su fi kujeru yawa ba doka ta yarda a soke zaɓen a ce sun ci, kuma haka ake ta yi. Na ce to in an gama biyan bashin fa? Ya ce harajin zai ragu, ba zai ƙare ba, domin bututu na tsufa. A da, birni kan jira gunduma ta yi ƙiba sannan ya haɗiye ta, ya ɗauki bashinta da kadarorinta, kamar yadda Houston ta yi wa Kingwood a 1996 mutanen wajen suna kuka. Rigimar ce ta jawo aka yi ta gyara doka, har zuwa 2017 da 2019 da aka ce birni ba zai haɗiye unguwa ba sai da yardar mazaunanta. Saboda haka, in ji shi, mu da wannan gunduma mutu ka raba.

Shi ne ya nuna mini sashen dokar da ya ce in masu zaɓe biyar na gunduma suka nema a rubuce, dole shugabanni su dawo da taro cikin unguwa, ko kusa da ita in babu wurin da ya dace. Na ce ai wannan aikin yamma ɗaya ne. Sati uku na yi. Maiɗakina ta ce ita ce ta farko, sai muka tuna katin zama gare ta, ba ta da ƙuri'a, ko da yake rabin harajin daga albashinta yake fita. Maƙwabcina na dama ɗan haya ne bai yi rajista ba, na hagu ya ce shi bai san muna da wata gunduma ba, ya ɗauka ƙungiyar masu gidaje nake nufi, wadda ke aiko masa takarda in ciyawarsa ta yi tsawo. Da ƙyar na haɗa shida, wato biyar ɗin da ƙarin ɗaya ko da za a ce wani bai cancanta ba.

Yanzu a zauren da ke gefen wurin ninƙaya ake taron, ƙarfe shida na yamma. Ranar farko mu huɗu muka zo, wata na biyu mu biyu. A na watan gobe za a tattauna sayar da sabon kason takardun bashi domin biyan mai gini kuɗin sashen ƙarshe na unguwar, kuma na riga na nemi a turo mini rahoton injiniya, shafi sittin da wani abu, na kai na sha tara.